Rama ko wiwin zare: wanne manomin Gombe zai sa a gonarsa?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata da ke noma a wajen Kumo ya same ni a zaure. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini waya. Bidiyon wata gona ne a ƙasar Turawa, tsirrai dogaye sun ninka tsawon mutum, inji na bi yana kwantar da su. Mai bayani yana ta lissafo abin da ake yi da su: tufafi, takarda, igiya, man girki, har bulon gini.

"Kawu, ka ga wannan? Sun ce wiwi ne amma ba ya bugarwa. Sun ce ya fi auduga kuɗi nesa ba kusa ba. In na samu irin zan gwada a bayan masara."

Na ce, "Ɗana, me ke tsaye a kan iyakar gonarka ta gabas?"

Ya ce, "Rama ce, Inna ke watsa ta duk shekara."

Ita ce kuwa abin da ya kamata a auna wannan baƙon tsiro da shi, domin kusan duk aikin da aka lissafa a bidiyon, rama ma tana yi. Tunda na ga ba shi kaɗai ne ke wannan tunani ba, bari in baje su biyun a faifai.

Ruɗanin daga ganye yake farawa. Akwai ramar da ganyenta a rarrabe yake kamar yatsun hannu, bakinsa kamar haƙoran zarto, wanda bai sani ba zai rantse wiwi ne. Ba mu kaɗai muka ga kamar ba. Masanin tsirran nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, da ya zo raɗa mata suna a 1759 sai ya kira ta Hibiscus cannabinus, ma'ana mai kama da wiwi. Amma kama da wane ba ta wane. Ka jira ta yi fure ka gani: fari mai ratsin rawaya, tsakiyarsa ja wur, sak na kuɓewa, kusa da na auduga. 'Yan ɗaki ɗaya ne da yakuwa, kuɓewa da auduga kuma dangi ne na kusa, kuma asalinta nan Afirka ne. Shi kuwa wiwi daga tsakiyar Asiya ya fito. Ɗan'uwansa na kusa wani tsiro ne mai yaɗo da Turawa ke sa wa giya don ɗaci da ƙamshi. Furensa ba shi da wani kyan gani, namiji daban mace daban, iska ce ke ɗaukar garin furen namiji ta kai wa macen. Babu wata zumunta tsakaninsa da rama ko ta nesa.

To shi wannan na bidiyon, wanda Turawa ke kira hemp, ni kuma zan kira shi wiwin zare, mene ne tsakaninsa da wanda ake kama yara da shi a tasha? Abu ɗaya ne. Sunansu na kimiyya ɗaya, Cannabis sativa. Misalin da na ba yaron shi ne na dawa. Kaura dawa ce, farfara dawa ce, takanɗa dawa ce, karan dafi ma dawa ne. Kakanninmu ne suka yi ta zaɓen iri, wannan don ƙwaya, wancan don zaƙin kara, wancan don jan rini, har kowanne ya kama gabansa. Haka aka yi da wiwi. A Sin da Turai an shafe dubban shekaru ana zaɓen mai dogon kara da zare mai ƙarfi, ana yin igiyar jirgin ruwa da tufafi. A Indiya da Afganistan da wasu sassan Afirka kuma aka yi ta zaɓen mai danƙo a fure, wanda ke bugarwa. In ka shuka su kusa da juna za su yi barbara, kamar yadda kaura ke lalata farfara in aka haɗa musu iyaka.

Abin da ya raba su a takarda lamba ce kawai. Sinadarin da ke sa maye sunansa THC, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tace shi suka gano siffarsa a Isra'ila a 1964. A 1976 wasu masana tsirrai biyu, Ernest Small da Arthur Cronquist, suka ba da shawarar a ja layi a kan kashi 0.3 cikin 100: in THC bai wuce haka ba a busasshen tsiro, na zare ne, in ya wuce, na maye ne. Wato giram 3 a cikin kilo guda. Wannan layin Amurka ta sa a dokar nomanta ta 2018, Tarayyar Turai ma ta koma kansa a 2023 bayan ta daɗe a kan 0.2. Ka lura da kyau: ba ido ke ganin wannan lambar ba, ba hanci ke jin ta ba. Sai an kai samfur ɗakin gwaji.

Na ɓangaren maye kuwa, tarihin irinsa na shekarun baya-bayan nan tarihin tsere ne. Da can kowace ƙasa da nata na gargajiya, na Malawi, na Durban a Afirka ta Kudu, na Kolombiya, na Meziko, na tsaunukan Afganistan. A shekarun 1970 wasu masu noma a ɓoye a Kalifoniya suka haɗa na Afganistan, mai gajarta da saurin nuna, da na Meziko da na Kolombiya, aka samu wanda suka raɗa wa Skunk, sunan wata dabba irin bodari, saboda warinsa. Daga shi da ire-irensa aka yi ta fitar da 'ya'ya da jikoki, kowanne da sunan talla. Sakamakon yana cikin alƙaluma: wiwin da jami'an Amurka ke kamawa a 1995 THC ɗinsa bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba, zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12, yau kuma a shagunan da doka ta yarda da su can ana sayar da mai kashi 20 da ɗoriya. Masu talla suna son raba shi gida biyu, su ce sativa na wartsakarwa indica na kwantarwa. Sunan indica tsoho ne, Lamarck ɗan Faransa ne ya raɗa shi a 1785, amma da aka bi ƙwayoyin halittar ire-iren kasuwa aka tarar lakabin bai cika dacewa da abin da ke ciki ba, don an gauraya su tun tuni.

Wari shi ne inda na fi daɗewa da yaron, don nan ne shirinsa na "bayan masara" ya fara rushewa.

A jikin furen macen wiwi akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gashi masu danƙo a kai, kamar raɓa. Cikinsu ake ƙera THC, cikinsu kuma ake ƙera man ƙamshin da masana ke kira tarfin. Waɗannan tarfin ba na wiwi kaɗai ba ne, rabinsu suna cikin kicin ɗin gidanka. Wanda ya fi yawa a galibin ire-iren shi ne mirsin, mai ƙamshin ƙasa-ƙasa, wanda ake samu a mangwaro da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa shayi. Akwai limonin, shi ne abin da ke fesowa ya shiga ido in ka matse ɓawon lemo. Akwai kariyofilin, mai yaji-yaji, na masoro da kanumfari. Akwai fainin, mai ƙamshin ɗanyen katako, akwai linalul da ake ji a ɗoɗɗoya. Yawan wannan da ƙarancin wancan ne ke sa wani iri ya yi ƙamshin lemo, wani na yaji, wani na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Shi kuwa warin bodarin nan da ke bin rigar mai sha har kwana biyu, ba daga tarfin yake ba. Sai a 2021 masu bincike a Amurka suka tabbatar wasu sinadarai ne masu farar wuta a jikinsu, dangin waɗanda ke ba tafarnuwa warinta, kuma ɗan kaɗan ɗinsu ya isa ya cika ɗaki.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, tarfin ba ya bugarwa. Da yana yi, da kowane mai shayi a bakin Tashar Dukku ya daɗe a hannun hukuma. Kariyofilin dai an nuna, tun 2008, yana kama wata ƙofa a jiki da sinadaran wiwi ma ke kamawa, amma ba ta ƙwaƙwalwa ba ce mai kawo maye, ta ɓangaren garkuwar jiki ce. Maganar da masu talla ke yi cewa wai ƙamshin iri kaza ke kawo barci, na kaza ke kawo nishaɗi, ta yi wa hujjarta nisa ƙwarai. Na biyu, kuma shi ya shafi manomi: wiwin zare ma yana da waɗannan man ƙamshin. In ya yi fure warinsa na wiwi ne, ganyensa na wiwi ne, tsayuwarsa ta wiwi ce. Ko a Amurka bayan dokar 2018, karnukan 'yan sanda sun kasa rabe su, an yi ta kama motocin manoma ana tsare su har sai sakamakon gwaji ya fito. Can ke nan, inda manomin ke da lasisi a aljihu.

Rama ba ta da ko ɗaya daga wannan fitina. Murje ganyenta ka shinshina, warin ɗanyen ganye ne kawai. Ɗanɗana, ka ji ɗan tsami da yauƙi. Iyakar tasirinta a jiki, in ka zarme da kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, ciki ya ɗan saki.

Tasirin wiwin maye kuwa ba baƙo ba ne a unguwanninmu. THC na kama wasu ƙofofi a ƙwaƙwalwa, sai zuciya ta ƙara gudu, ido ya yi ja, baki ya bushe, yunwa ta taso, lokaci ya yi kamar ya tsaya, abin da aka faɗa yanzu-yanzu ya ɓace. Wani ya yi ta dariya, wani fargaba ta kama shi ya ga kamar ana bin sa. Wajen mutum 1 cikin 10 na masu sha yakan kamu har ya kasa bari, ga wanda ya fara tun yana ɗan saurayi kuwa abin yakan kai 1 cikin 6. Wani babban bincike da aka yi a biranen Turai da Barazil, aka buga a 2019, ya nuna mai shan irin mai ƙarfi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar. Binciken shaye-shaye na ƙasa da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabata, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ne. Wanda yara ke kira Kolorado ma wani bala'i ne daban, galibi ganye ne kawai aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji, ya fi THC ƙarfi sau da yawa, shi ya sa ake ganin yaro yana birgima a kwata.

Don adalci, wiwin zare na gaskiya ba ya yin wannan. Ko buhu guda mutum ya ƙona, ciwon kai da tari zai samu. Akwai kuma wani sinadari a cikinsa, CBD, wanda ba ya sa maye, har an yi maganin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani da shi, Amurka ta amince da shi a 2018. Tsiron ba banza ba ne. Tambayar ita ce ko na gonar Kumo ne.

Doka ta ce a'a, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. Dokar tabar wiwi ta 1966, wadda sojoji suka kafa da hukunci har na kisa ga mai noma ta, ta fassara abin da ta haramta da cewa duk wani tsiro ko wani sashen tsiro na jinsin Cannabis. Ba ta san wani kashi 0.3 ba. Dokar da ta kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 1989 kuma ta tanadi hukunci har na ɗaurin rai da rai ga mai shuka kayan maye, ga ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar. An yi ta ƙoƙarin sassautawa. Marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya fito fili tun 2019 yana neman a halatta noman don magani da masana'antu, an kuma kai ƙudirori Majalisar Wakilai, ba su zama doka ba. Wasu ƙasashen Afirka sun buɗe ƙofa: Lesoto a 2017, Zimbabuwe a 2018, Malawi a 2020, Maroko a 2021. Gana ta sa nata tanadin na kashi 0.3 a 2020, kotun ƙoli ta soke shi, majalisa ta sake dawo da shi a 2023. Amma a dukansu ba wai kowa ya ɗauki fartanya ya shuka ba ne. Lasisi ake saya, da tsada, da katanga, da masu duba gona. Ko da Najeriya ta bi sahu gobe, kamfani mai jari ne zai fara shiga, ba mai kadada biyu ba.

Na ce wa yaron ya ƙaddara jami'ai sun dira gonarsa. Me zai nuna musu, bidiyo? Kafin su ma akwai mai unguwa, akwai limami, akwai surukansa. Garin da kowa ya san duk abin da ke sa maye haramun ne, ba za ka tsaya kana yi wa mutane bayanin lamba ba alhali wari na tashi daga bayan masararka. Akwai kuma 'yan shaye-shaye, waɗanda za su yi maka girbi da dare tun bai nuna ba.

A nan ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, a ce an halatta fa?"

Mu ce an halatta. Har yanzu ƙasa da rana suna da tasu maganar. Wiwin zare tsawon yini yake bi kafin ya yi fure. Ire-iren Faransa, wadda ta fi kowa noma shi a Turai, an gyara su ne don bazarar da yini ke kai awa 15 zuwa 16. Muddin yini na da tsawo suna ta miƙewa, sai ya fara gajarta su tsaya su yi fure. Gombe kuwa tana wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, yininmu mafi tsawo bai kai awa 13 ba. Irin da ya yi mita uku a Faransa, in ya zo nan zai ɗauka kaka ta yi, ya yi fure yana ɗan guntu, zaren da ake nema bai samu ba. Akwai waɗanda aka gyara don wurare masu zafi, a kudancin Sin misali, amma sai an gwada su a nan shekara da shekaru kafin a san halinsu. Sannan ga matsalar iri. Manominmu ajiye iri yake daga bana zuwa baɗi. Garin furen wiwi kuwa iska na kai shi nesa. In akwai na maye a wani lungu, barbara za ta shiga, irin baɗi ya haura layin. A Amurka gonar da ta haura layi lalata ta ake yi, asarar mai ita. Kasuwar ma ba ta da tabbas: manoman Amurka sun yi rububin noman don CBD a 2019, kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi warwas kafin shekara ta zagayo, da yawa suka bar amfanin a rumbu.

Rama ita ma tana jin tsawon yini, amma a ƙarƙashin wannan rana tamu aka haife ta. Ka shuka da saukar damina, a Yuni, cikin wata huɗu zuwa biyar ta kai mita uku ko fiye in ƙasa na da ƙarfi. Ruwan milimita 500 zuwa 600 ya ishe ta, namu kuwa ya fi haka a yawancin shekaru. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Abokan gabanta su ne na kuɓewa: ƙwaron nan mai tsalle da ke huda ganye, da tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, don haka kada a maimaita ta inda aka cire kuɓewa. Ingantaccen iri ma akwai na gida. Cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ce aka ɗora wa aikin rama, ta fitar da irin su Ifeken 100 da Ifeken 400, akwai kuma na waje da aka daɗe ana gwadawa a nan kamar Cuba 108.

Wajen zare, gaskiya wiwi ya fi. Nasa ya fi laushi in an gyara, ya fi ƙarfi, ana saƙa riga da shi a sa. Na rama ya fi kaushi, aikinsa buhu, igiya, takarda, allon rufi. Amma kada a raina wannan aikin. Toyota na amfani da allon da aka yi da zaren rama a cikin ƙofofin wasu motocinta. Maleshiya ta kafa hukuma sukutum don mayar da manoman taba su koma noman rama. Ɓawon, inda zaren yake, wajen kashi 35 zuwa 40 ne na kara; sauran farin totuwar cikin mai sauƙin nauyi tana shan ruwa da mai sosai, ana shimfiɗa wa kaji da dawakai, ana tsane man da ya malala da ita. Wajen 'ya'ya ma wiwi ya ɗan fi, nasa na da mai wajen kashi 30, na rama wajen 20. Sai dai wanda ke zaune a ƙasar gyaɗa da riɗi da waken suya bai rasa abin matsa ba.

Inda rama ta yi masa fintinkau shi ne tukunya. Tun tana wata guda ake tsinkar ganye, a yi kwaɗo, a sa a fate, a shanya na rani. Mata na kai dafaffiya kasuwa kullum, awaki da tumaki na cin ragowar, ɓawon ya zama igiyar ɗaurin jinka da zana da dabbobi, karan ya hura wuta. Ko babu wani kamfani a duniya, ba ta zama asara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san tarihin auduga a nan. Gombe da Kumo sun ga lokacin da gidajen gurza ke aiki ba dare ba rana, sun kuma ga lokacin da masaƙun Kaduna da Kano suka rufe, manomi ya zauna da farin kaya ba mai saya, ba kuma a miya da shi.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya je ya cika kadada biyar da rama yana jiran attajiri. Ciwon auduga yana jikin zaren rama ma. An taɓa kafa masana'antun buhu a Jos da Badagry a shekarun 1960 da niyyar su riƙa sayen zaren gida, suka durƙushe. Har yau buhunan da ake fitar da koko da kashu a ciki galibi daga Bangaladash da Indiya ake shigo da su. Ana ta maganar farfaɗo da harkar, amma magana ba ta sayen kaya. Ka shiga Tudun Hatsi da buhun masara ko wake, kafin ka sauke an yi ciniki. Ka shiga da damin zaren rama ka ga ko akwai mai tambaya. Fitar da zaren kuma aiki ne: a yanke lokacin da ta fara fure, a ɗaure dami-dami, a jiƙa a ruwa kusan mako biyu har ɓawon ya saki, a saɓule, a wanke, a shanya. Yana cin hannu, yana cin ruwa, ruwan kuma wari yake, ba a yi a inda mutane ke ɗiban na sha. Wanda ke kusa da Dadin Kowa ko bakin Gongola ko madatsar Balanga yana da sauƙi. Wanda ke tudu, inda ake sayen ruwa a jarka da rani, ya yi lissafi sau biyu.

Saboda haka ga yadda na raba masa. In abinci da kuɗin cefane yake nema, ramar ganye, a watsa a iyaka ko tsakanin kunyoyi kamar yadda uwarsa ke yi, a riƙa tsinke kai don ta yi rassa. In zare yake so ya gwada, ya ware ɗan yanki, ya shuka a matse don ta miƙe sambal ba reshe, kuma kafin ya sa iri a ƙasa ya san wa zai saya, ko da masu tufka igiya ne na kasuwar Kumo. In kuwa abin da ke ransa shi ne amfanin gona da ake fitarwa waje a samu kuɗi mai kauri, to 'yar'uwar ramar na nan, yakuwa mai ba da zoɓo, wanda ake lodinsa daga Arewa zuwa Meziko, ga kuma riɗi. Su suna da dillalai a ƙasa, suna da farashin da za ka tambaya a gaya maka. Wiwin zare ba ya cikin lissafin bana, ba ya cikin na baɗi. In wata rana doka ta canza, aka fitar da irin da ya dace da yininmu, aka kafa inda za a gwada lamba da inda za a sayar, sai a sake zama.

Ya mayar da wayar aljihu. Ya ce akwai ragowar irin rama a wani tulu a ɗakin Inna, na shekara biyu ko uku. Na ce kada ya dogara da shi, irin rama saboda man da ke cikinsa ba ya jure ajiya a zafi. Ya ƙirga ƙwaya 20 ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa kwana biyar. In 15 suka tsaga, ya shuka. In ba su kai ba, ranar kasuwa ya sayi sabo.